Turaku Ashirin da Bakwai

Maigidana ya rasu ana cikin cirar gyaɗa, a shekarar 1987. Katafila ta iso bayan wata uku da rabi. Shekara bakwai ya yi yana jiran ta, da ta tashi zuwa sai ta zo ba ya nan, ni kuma ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Sunansa Mainasara, sau ɗayan nan kawai zan kama shi. Ni sunana Tasalla. Ginin tukwane ne sana'ata, a hannun uwarsa na koya, Inna, wadda muke zaune gida ɗaya da ita.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Aka kwaso mu a manyan motoci da awakinmu da turamenmu, aka sauke mu a kan wani tudu yamma da Burumburum. Ruwa ne ya kore mu daga garinmu, aka kawo mu inda babu ruwa. Rijiya biyu gare mu. Kafin tsakiyar rani ɗaya ta ƙafe, ɗayar kuma sai ki zura guga ki zauna ki jira. Akwai ƙorama a gabas da unguwa. Da damina ba ta ƙetaruwa, kaka na wucewa sai yashi.

Maigidana ne ya ce a datse ƙoramar nan a tara ruwanta. Ya sa wani malamin makaranta ya rubuta masa takarda, ya kai Tudun Wada. Aka ce ai sai Kano. Ya je Kano aka ce ya dawo bayan salla. Ya koma bayan salla aka ce wace salla. Haka ya yi ta yi har mutanen unguwa suka sa masa suna Sarkin Ruwa. In ya zo wucewa ta majalisa a kan kekensa sai wani ya ɗaga murya ya ce, “Sarkin Ruwa, a yi mana aron kwalekwale mana, za mu kasuwa.” Shi kuma sai ya ɗaga hannu yana murmushi ya wuce. Sai ya shigo gida yake yin shiru.

A shekara ta biyar wani injiniya ya zo da madubi mai ƙafa uku. Kwana huɗu suka yi a bakin ƙorama shi da maigidana. Maigidana ne ke riƙe masa doguwar sanda, shi ke ɗaukar buhun turaku, shi ke haƙa ƙananan ramuka injiniya yana duba ƙasar. Suka kafa turaku ashirin da huɗu daga wannan gaɓa zuwa waccan, na ƙarfe, an shafa wa kawunansu jan fenti. Injiniya ya ce kada wanda ya taɓa, katafila tana nan tafe nan da wata biyu.

Damina ta zo, katafila ba ta zo ba. Da damina kuwa ake ɗaure awaki saboda shuka. Turken itace gara ce ke cinye shi, ko akuya mai taurin kai ta tumɓuke shi ta shiga gonar mutane. Na ƙarfe ba ya yin ko ɗaya. Baturiya maƙwabciyata ce ta fara, ta ce aro ta yi. Kafin a gama maimai babu turke ko ɗaya a bakin ƙorama. Ni ma na ɗauko ɗaya ranar da na je ɗibar yumɓu. Maigidana ya shigo ya gan shi a tsakar gida da jar akuyata a ɗaure, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

“Har da ke?” in ji shi.

Na ce, “Akuyar ce ba ta jin magana.”

Ya ce, “Ba komai. Layin yana cikin kaina.” Ya ƙara da cewa ramin da ni da Inna muke ɗibar yumɓu ma zai shiga ƙarƙashin dam, gara mu fara neman wani.

Da layin aka binne shi. Ruwa ne ya doke shi a bayan a-kori-kura yana dawowa daga Kano, ya kwanta da ciwon haƙarƙari. Kwana shida ya yi. Allah ya jiƙansa.

Da saƙo ya zo wa mai unguwa Sabo cewa katafila za ta iso ranar Asabar, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ke da turken gwamnati a gidansa ya kai ƙofar mai unguwa kafin Juma'a, ba za a tambayi kowa komai ba. Ashirin da huɗu aka kafa. Ashirin da bakwai aka mayar. Mai unguwa ya ƙirga sau uku, ya ce a bar su haka, gara a ce sun yi yawa da a ce sun gaza.

Dattawa suka ɗunguma zuwa bakin ƙorama don su mayar da su inda suke. Damina uku ta riga ta share ramukan, kuma kowa wurin da ya tuna daban. A ƙarshe suka zaɓi inda ya fi kusa da gari, don kada mata su sha tafiya, suka ja igiya suka jera turakun.

Mudi ne ya kawo mini labari, ƙanin maigidana, wanda a lokacin ma ya fara furfura. Da can ba ya shigowa gidan nan sai ya ce, “Ina matata, ina tuwona?” Tun da aka yi rasuwa ya daina. Sai ya tsaya daga nesa ya ce Yaya Tasalla, yana kallon ƙasa.

“Sun miƙe sambal,” in ji shi. “Wallahi ko injiniyan bai miƙar da su haka ba.”

Na ce, “Ramin yumɓunmu fa, ta ina yake daga turakun?”

“Can sama, da nisa. Mun tsirar miki da shi. Ki gode mana.”

Ban gode ba.

Inna ce ke tsaron takabata. Ita ma ta yi tata a tsohon gari, kuma yadda aka yi mata haka take yi mini. Ba kitso, ba kwalli, ba lalle, ba ɗaga murya. 'Yar wuƙa a ƙugu, sanda a hannu in zan zaga bayan gida. Fita kuwa babu ita. Liman ya taɓa aiko matarsa ta ce addini bai hana ni fita da rana ba in da lalura. Inna ta ce a gaishe da liman, in ya mutu matansa su yi aiki da wannan.

Inna ba ta son jin zancen dam. Kabarin mijinta yana ƙarƙashin ruwan Tiga, ɗanta kuma bin dam ne ya kai shi bayan a-kori-kura cikin ruwan sama. Tun rasuwar ba ta taɓa yumɓu ba, ba ta kuma yi zancensa ba. Dama ɗan fari ne, ko yana da rai yayan Mudi take ce masa.

Ban ga zuwan katafila ba. Ji na yi. Kwanukan da ke jere a ɗakina suka riƙa kaɗawa su kaɗai. Baturiya ta hau turmi ta leƙo ta kan katanga tana ba ni labari. Rawaya ce, a kan tirela aka kawo ta, ba ta da taya sai sarƙa. An zo da rola mai ƙatuwar gangar ƙarfe ta daddaɓe ƙasa, da tankar ruwa. Direban sunansa Zailani, mutumin Kiru ne, gajere, sai ya taka matakala biyu ta ƙarfe kafin ya kai kujera. Kwana ashirin da ɗaya aka ba su, daga nan sai Doguwa.

Ni kuma saura kwana ashirin da shida in fita.

Ranar Litinin ta fara aiki. Kwana biyu ina zaune ina jin ta tana haƙa inda na san ba nan ba ne. Abin da nake tunani ɗaya ne. In dam ɗin nan ya tsiyaye, ba wanda zai tuna dattawa ne suka ja igiya. Cewa za a yi ga dam ɗin Sarkin Ruwa can, a yi ta dariya har jikoki su gada. Shi kuma ba ya nan balle ya ɗaga hannu ya wuce.

Ranar Laraba na ce wa Mudi ya ɗebo mini ƙasa daga can ƙasan ramin da ake haƙawa.

“Ta mece ce?”

“Ci zan yi.”

“Yaya Tasalla, in kwaɗayi ne akwai rogo a gidana.”

Ya dai je ya kawo a ƙoƙo. Na jiƙa ta, na murza a tafin hannu kamar zan tufka igiya. Yumɓu na gaske in kin murza shi tsawo yake yi, ki naɗe shi a yatsa bai karye ba. Wannan ko tsawon gaɓar yatsa ba ta kai ba ta wargaje. Na sa a haƙori na ji ƙaras-ƙaras.

Na ce, “Yashi ne, jar ƙasa ce kawai ta rufe shi daga sama. Je ka gaya wa direba.”

Mudi ya je ya dawo. “Ya ce a yi miki gaisuwa, Allah ya ba da haƙuri. Ya ce shi turke yake bi.”

Unguwa ce ke ciyar da ma'aikatan, gida-gida, kuma ranar Alhamis girkin gidanmu ne. Da safe na gina 'yan kasake biyu. Ɗaya da ƙasar ramin katafila, da ƙyar ma ya yarda ya tsaya. Ɗaya da ragowar yumɓun raminmu da ke jibge a bayan ɗakina. Na sa Mudi ya ajiye su a zaure ya cika su da ruwa. Da Zailani ya zo cin tuwo da azahar, na farko ya zube ya zama taɓo, na biyu yana nan da ruwansa.

Inna ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki. Ni ina bayanta, jikin katanga, inda ba a ganina. Ta ce ba zan yi magana da baƙon namiji ba. In da abin faɗa in gaya mata a hankali, ita ta isar.

Na ce, “Ki ce masa sannu da aiki.”

Inna ta ce, “Ta ce aikin banza kake yi.”

Na ji ya ajiye cokalin miya. Na zaci tashi zai yi. Sai ya ce, “Baba, ai na sani.”

“Ka sani?” in ji Inna.

“Shekara goma sha tara ina kan katafila. Tun Litinin bakinta ke shiga ƙasar nan kamar a buhun gari. Amma injiniyan da ya yi awon an yi masa canjin wurin aiki. Sabon kuma Laraba-Laraba yake zuwa, ya sauke gilashin mota ya dubi turaku ya juya. Jiya ma ya zo. In ya ga na bar turke na tafi wani wuri, a ƙafa zan koma Kiru.”

Na ce, “Ki tambaye shi to yaya za a yi.”

Inna ta ce, “Ta ce ka cinye tuwon mutane ba ka da amfani.”

“Baba, dam kamar randa yake, gindinsa ne magana. Sai na haƙa rami daga wannan gaɓa zuwa waccan har in taɓa yumɓu. In cika shi da yumɓu kaɗan-kaɗan, tanka ta yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai, a ƙara wani, ta sake bi. In an bar jijiyar yashi a ƙasa, ko faɗin tafin hannu ce, ruwa zai nemo ta.” Ya ƙara da cewa, “Ni dai turke nake bi. Inda na same shi da safe nan nake sa baki. Ban san wanda ya kafa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai lura ashirin da bakwai ne, a takardata kuwa ashirin da huɗu aka rubuta.”

Mudi ya kama tari.

Zailani ya ce gobe Juma'a ba zai tayar da inji ba, wanki zai yi mata ya sa mata mai. In Asabar da safe ya tarar turaku sun tashi, to sun tashi. In ya same su inda suke zai ci gaba a nan. Kuma a sani sau ɗaya za su tashi, don gas ɗin da aka ba shi ba zai isa haƙa uku ba.

Mudi ya ɗauki kaskon da ke da ruwa a hannu ɗaya, taɓon a ɗaya hannun, ya kai wa mai unguwa. Mai unguwa ya duba ya ce shi dama bai ce nan ne ba. Aka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ba a sami wanda ya ce nan ne ba. Har yau ba a san wanda ya riƙe igiyar ba.

Ranar Juma'a tun da hantsi maza suka fita da diga da dagi da shebur, suka nufi wajen ramin yumɓunmu. Duk inda suka haƙa tsawon kamu uku sai su ɗebo ƙasar ƙasan su aiko. Tsakar gidanmu ya cika da ƙoƙuna da kwanuka, har da murfin tukunya da hular wani. Ina jiƙawa, ina murzawa, ina sawa a haƙori, ina tofarwa. Gaɓar da ke ɓangarenmu ba ta ba ni wahala ba, na san ƙasar kamar ɗakina. Kafin a tafi masallaci na gane ta tsallake ma, kusa da wata tsamiya, ja ce mai danƙo.

Saura tsakiya. Maigidana ya taɓa gaya mini layin ba miƙaƙƙe ba ne, gwiwa gare shi, don akwai tsohuwar hanyar ruwa cike da yashi da suka kauce wa shi da injiniya. Ban tambaye shi inda gwiwar take ba. Tankaɗe nake yi a lokacin, na ce to. Abubuwa da yawa ya gaya mini na ce to.

Bayan an sauko daga Juma'a aka kawo kwanuka goma sha ɗaya daga tsakiyar ƙorama. Mudi ne ya jero su a babban kwando. Takwas yashi ne. Uku yumɓu ne mai kyau.

Na ce, “Ukun nan daga ina aka ɗebo su?”

Ya duba su, ya sosa ƙeya. “Wannan dai daga wajen da mai unguwa yake tsaye ne.”

“Mai unguwa a ina yake tsaye?”

“Yawo yake ta yi.”

“Mudi.”

“Wallahi na jera su daidai. Da zan tsallake kwata ne na juya kwandon.”

An kusa kiran la'asar. Mazan sun gaji, wasu sun fara sulalewa gida. Ko da an koma an sake ɗebowa, na san kwano ba zai nuna mini inda yashi ya ƙare yumɓu ya fara ba. Sai mutum ya taka da ƙafarsa. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi da sandata.

Inna tana zaune a inda take zama, bakin ƙofa.

“Sai ina?”

“Bakin ƙorama.”

“Da ƙafar wa?”

“Inna, liman ya ce in da lalura…”

“Zauna.”

Ban zauna ba. Tun da na zo gidan nan ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar na ɗaga, kuma ina cikin takaba. Na ce, “Shekara bakwai ana yi masa dariya a gabansa. In na zauna yanzu, a bayansa za a ci gaba, kuma ba ranar dainawa.”

Mudi ya juya yana kallon katanga. Inna ta dube ni, ta dubi sandar hannuna. Can sai ta miƙa ƙafa ta jawo kwanukan nan uku gabanta. Ta lakato na farko ta murza, ta ɗora a harshe.

“Wannan daga ƙasan gawo ne, da ɗan kanwa-kanwa a cikinsa.” Ta lakato na biyu. “Wannan baƙin daga inda muka ɗebi na randar Baturiya ne, shekarar da aka yi fari.” Na uku ta daɗe tana juya shi a baki. “Wannan ban san shi ba.”

Ta tofar, ta goge yatsa a zani. “Mudi, miƙo mini takalmina. Ke kuma ajiye mayafin nan. Ba don dam zan je ba. Don ki zauna ne.”

Na zauna.

Abin da ya faru a can daga bakin Baturiya na ji, don ita ta bi su. Ta ce Inna na isa ta cire takalman ta miƙa wa mai unguwa ta ce, “Sabo, riƙe mini.” Ya riƙe. A gabanta aka haife shi. Ta shiga cikin ƙoramar ba takalmi, tana tafiya a hankali tana buga sanda a ƙasa tana saurare, maza kusan talatin a bayanta da turaku a hannu, ba mai tari. In ta tsaya sai ta ce a haƙa. A haƙa, ta ɗanɗana, ta ce nan, ko ta ce wane ne ya haifi mai dagin nan, ya ƙara zurfi. Da ta zo daidai gawo sai ta karkata hagu, ta yi taku kamar goma sha biyar, sannan ta dawo ta nufi tsamiyar tsallake. Wani dattijo ya ce layin ya karkace. Ta ce masa ya je ya ɗauko igiyarsa ya ɗaure bakinsa.

Turaku ashirin da huɗu ta sa aka kafa. Ukun da suka ragu Baturiya ta ara.

Kafin magariba Inna ta dawo. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta wanke ƙafafunta, ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu. Na kawo mata fura ba ta sha ba. Tana kallon ruwan da ke gangarowa daga ƙafarta ta ce, “Yayan Mudi ya iya zaɓen wuri.”

Iyakar abin da ta faɗa a kansa ke nan, har ta bi shi bayan shekara huɗu.

Ranar Asabar Zailani ya zo ya tarar turaku sun tashi. Bai tambayi kowa ba. Ya tayar da inji ya bi su. Daga ƙarar kaɗai na san an canza wuri, don yanzu nishi take yi, tana tsayawa tana ja da baya. Ranar Laraba injiniya ya zo ya sauke gilashi ya ƙirga turaku, ya ce yawwa, yanzu sun yi daidai da takarda. Ya nuna ramin farko ya ce wancan fa. Zailani ya ce gwaji ne. Injiniya ya ce madalla, ya ɗaga gilashi.

Daga ranar, duk kwanon tuwon da aka dawo da shi daga bakin aiki, ko na gidan wa ne, sai ya biyo ta gidanmu da curin ƙasa a ciki. Zailani ne ke sawa daga abin da za a zuba a gindin dam. In na murza ya yi, sai in aika da to. In bai yi ba in ce a'a. Sau biyu na ce a'a, sau biyun ya sa baki ya kankare abin da aka zuba, har wanda rola ta riga ta bi. Mai rola ya yi ta mita. Zailani ya ce masa ya kai ƙara wurin injiniyar cikin gida.

Saboda kwanakin da aka ɓata a ramin yashi, dam ɗin bai kai tsayin da ke takarda ba, ya gaza da kamu ɗaya da ɗan wani abu. A kwana biyun ƙarshe Zailani ya yanka hanyar da ruwa zai bi in ya cika, ta can bayan tsamiya inda marmara take. Ranar ta ashirin da ɗaya tirela ta zo. Ya aiko Mudi ya ce a gaya wa Baba ta yafe masa tuwon. Inna ta ce ta ji.

Bayan kwana biyar na fita takaba. Aka yi mini wanka da kitso, aka yi sadaka, mata suka shigo suka yi addu'a suka watse. Da yamma Baturiya ta raka ni bakin ƙorama. Na ga dogon tudun ƙasa ja, da gwiwa a tsakiyarsa, da sawun sarƙa ko'ina. Babu ɗigon ruwa, tsakiyar rani ne. Awaki uku suna kwance a kai. Ramin yumɓunmu babu shi, ko alamarsa. Na tsaya ina kallo. Ban san abin da na zaci zan gani ba. Baturiya ta ce mu tafi kafin a kira salla, muka tafi.

Ruwa ya sauka, dam ya cika a watan Agusta har ya bi ta bayan tsamiya. Mutane suka yi ta murna. Ni ban yi ba, don ko ramin yashi yana cika da damina. Rani nake jira. Kowace Juma'a sai in zaga ta bayan dam, in bi gindinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan ina dafa ƙasa da tafin hannu, in ji ko da danshi. A gwiwar nakan fi daɗewa. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Rijiyar farko ta ƙafe kamar yadda ta saba. A watan Afrilu Mudi ya shiga tsakiyar dam da wandonsa don ya auna, ruwa ya kawo masa ƙirji.

Ba wanda ya yi dariya. Sunan Sarkin Ruwa ma ban ƙara jin sa a bakin kowa ba. Aka fara lambun tumatir da albasa a ƙasan dam. Fulani suka riƙa kawo shanu daga wajen Burumburum, har aka yi rigima kan mashaya aka sasanta. Inna ba ta ƙara taka wurin ba. Ruwan dai tana sha, tana cewa warin gas yake yi.

Dam ɗin Zailani ake ce masa. Ban san wanda ya fara ba. Zailani bai ƙara zuwa garin nan ba, ban ma san ko yana da rai ba. Amma ko yaran mota in sun zo kwanar sai su ce akwai mai sauka a Dam ɗin Zailani.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin gyarawa. Wata Bafillatana ce mai tallan nono ta shigo gidanmu, tana ba ni labarin yadda suke shan wahalar ruwa kafin a yi Dam ɗin Zailani.

Na ce, “Ba nasa ba ne.”

Ta ce, “To na wa?”

Mace ba ta kama sunan mijinta da baki, ko ya mutu. Na ce, “Na maigidana ne.”

Ta ce, “Allah sarki. Ashe ke ce matar Zailani.”

Na sayi nonon, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Bana shekara tara ke nan. Bai taɓa ƙafewa ba. Har yanzu nakan zaga ta baya in dafa gindinsa, ko da yake ba kowace Juma'a ba, gwiwoyina ba sa bari. Jiya na je. Gindin a bushe yake.